Saukar Inna da Lasifikar Waje

Sadiya da Habu, duk Sallar da muka je Kebbe sai wani ya tayar da labarin ranar saukar karatun kakarmu Inna, kuma kullum a wuri ɗaya ake fashewa da dariya: wai Uwani, wato ni, ta ruɗe, ta taɓa abin da ba ta sani ba, lasifika ta mutu, Baba ya hau dogon yaro da babbar riga. Ku ma kuna dariyar, na gan ku. Ba na ganin laifinku, domin a ranar kuna can gindin tukunya kuna jiran ƙanzo, ba ku san abin da ake ciki ba. Bana nake gama sakandare, ban san inda karatu zai kai ni ba, shi ya sa nake so in bar muku yadda abin ya faru a rubuce. Kun san magana da baki ba ta yi mini sauƙi. Ku karanta ku ajiye a gida, ba ta kaiwa Kebbe ba ce. Na tambayi Inna ko in rubuta, ta ce in rubuta, amma in duba da kyau kada takardar ta kasance da waya a jikinta.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Baba yana aikinsa na ofishin lafiya a nan Tambuwal, yana cika katin rigakafin yara daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kuma yana ba da hayar kayan sauti. A ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure yake ajiye su: janareta, amfilifaya, lasifika biyu masu kama da akwati, da wata mai bakin ƙaho wadda ake ratayawa a sama don unguwa ta ji. A kan tebur kuma akwai miksa. Baƙin akwati ne da bai kai tiren shayi faɗi ba, amma duk muryar da ta shiga makirufo sai ta bi ta cikinsa kafin ta fita. Layi huɗu gare shi, kowane layi da ramin makirufonsa da jerin 'yan maɓallan murɗawa: na ƙarfin murya, na kauri, na kaifi, na eko mai sa murya amsa kuwwa. A can ƙasan kowane layi akwai wani mai alamar hagu da dama, kullum yana tsaye a tsakiya, ƙura ta yi masa zobe saboda ba mai taɓa shi.

A ɗakin nan Baba yake ɗaukar muryar masu talla, waɗanda suke sa ta a ƙaramar lasifika su ɗaure a baro ko a babur, ta yi ta kiran ciniki su kuma su hutar da maƙogwaro. Sai a jingina katifa a taga, a kashe fanka, kowa ya yi ta zufa. Aikina shi ne in kore kaji in riƙe ƙofa, don ƙyauren yana ƙara in iska ta taɓa shi. A bayan ƙofar nan na yi karatuna. Ba wanda ya koya mini komai, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na lura dai fitilun miksa suna hawa daga kore zuwa rawaya zuwa ja, kuma duk lokacin da ja ta kama, muryar tana yagewa kamar tsohon zane. Na lura mai maganin ɓera yana cusa makirufo a baki har ana jin yawunsa, mai manja kuma yana ja da baya duk sanda zai faɗi farashi. Na kuma lura Baba, kamar sauran masu sana'ar, yana kai kowane maɓalli ƙarshe. Ba don bai sani ba. Mutanenmu ne, in ba su ji muryarsu ta dawo musu sau uku ba, sai su ce kayan ba su da ƙarfi.

Wahalar Baba ita ce taron mata. Namiji ba ya shiga, saboda haka sai ya zauna da miksa a ƙofar gida, a jefa waya ta kan katanga, ya yi ta murɗa abin da ba ya gani. Ni ce mai kai saƙo tsakanin ciki da waje. Tsohuwa za ta karɓi makirufo, kunya ta sa ta ja bakin hijabi ta rufe baki, makirufon ma ya shige ciki. Baba a waje ya ji murya ta nutse, ya ƙara ƙarfi. Kafin in kai ƙofa an miƙa wa wata matashiyar malama mai murya kamar ƙararrawa, ta je ta tsaya a gaban lasifika, sai kayan su saki wani kuka mai huda kunne, jarirai su farka su taya su. Wata rana muna tsintar shinkafa na faɗa wa Mama abin da nake gani. Ban zaci za ta kai shi gaba ba. Da Baba ya dawo ta zayyana masa duka ina zaune, ni kuwa na sunkuya kamar tsakuwar duniya ce ta taru a farantina.

"Uwata, haka na?" in ji Baba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, wato Inna, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na gyaɗa kai.

"To in na aje ki gun miksa ciki, kina iyawa?"

Mama ta ce, "Tambayi wadda ta san yawan ƙusar ƙyaurenka."

A wata walimar suna a Jabo ya fara gwada ni. Ya ari jan farcen Mama ya ɗiga a kan maɓalli biyu, ya ce waɗannan kaɗai zan taɓa. Aka tashi taro lafiya, ba kuka ko sau ɗaya, wata mata ma ta ƙulla mini cincin a leda. Daga ranar miksa ya koma cikin gida a duk taron mata, ni ina zaune a kansa a kusurwa, fuskata a ƙasa, kunnena a buɗe. A Jabo ɗin ne kuma na ji Baba yana magana da kansa yana haɗa wayoyi, kamar yadda ya saba: hagu ta waje, dama ta ciki. Wato bakin hagu na miksa shi ke kai murya lasifikar ƙaho da ke waje, na dama kuma shi ke kai ta lasifikar cikin gida. Na dubi maɓallin nan mai ƙura, na gane aikinsa. 

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna kafin ku san ta da carbi da tabarau. Mai daddawa ce a Kebbe, ta yi yawancin rayuwarta ba ta san baƙi ba. Sai da kakanmu ya rasu ta fita takaba, sannan ta ɗauki jaka ta bi matan unguwa makarantar Islamiyya ta yamma, ta zauna layi ɗaya da waɗanda ita ta yanke wa cibi. Shekara bakwai tana yi. Ido ya rage, haƙoran gaba sun tafi, numfashi ba ya kai ta ƙarshen doguwar aya sai ta tsaya ta sake ɗauka. Ta cika izu sittin a shekarar da nake ba ku labari, ana gama girbi.

A gidan Baffa Umaru take zaune, yayan Baba. Kun san Baffa: mai sayar da hatsi, mai babbar murya, mai son uwarsa irin son da yake so kowa ya gani. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ja da shi, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. In tana da magana sai ta aiki ƙanwarsu, Gwaggo Hajo. Baffa ya sayi rago, ya gayyato malamai, ya aika Fakku da Jabo, ya ce ranar sai Kebbe duka ta ji mahaifiyarsa tana karatu. Inna ta aiki Gwaggo ta ce masa za ta karanta a gaban mata, amma ba ta yarda muryarta ta fita titi ba. Baffa ya ce to.

Ana gobe walima aka loda kayan a motar hatsin Baffa, ku da Mama kuka bi ta. Ni da Baba muka hau babur, miksa a cinyata naɗe da zanen Mama, duk ramin da za mu faɗa sai in ɗaga shi sama kamar jariri. Da la'asar ina tsugune a zauren Baffa ina warware waya, su biyu suna tsaye a kaina. Mutane sun saba magana a gabana kamar ba kowa.

"Ka bar ta waje buɗe," in ji Baffa. "Tsohuwa kunya ta kawai. Bakin ƙahon titi shika kallo, kunnenta kuwa ba shi kai can. Ina za ta sani?"

"Yaya, ta ce ba ta so."

"Shekara bakwai tana jan jiki zuwa makaranta, sannan a yi abin a ɓoye awa kayan sata? Malaman da na tara, iska za su saurara?"

Baba ya daɗe yana murza kan waya da yatsa. Sannan ya ce, "To, Yaya."

Da safe Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado da sabon farin hijabi wanda layin ninkinsa bai baje ba, lalle ya kama tafinta har ya yi baƙi, ɗakin yana ƙanshin turare a sama, daddawa a ƙasa.

"Takwara, tura ƙyauren nan. An ce ke za ki zamna gun akwatin."

"Ni ce, Inna."

"Wancan ya ce to." Haka take kiran Baffa. "Ni kuwa na san to ɗin nan tun shina rarrafe."

Ta gyara bakin hijabinta ta ci gaba.

"Wuri biyu harshena ka sarƙewa, ko Malama ta gyara sau goma. Matan ga sun sani, tare munka yi ta faɗuwa muna tashi, ba mai yi ma wata dariya. Amma malamai na zaune waje. Mazan garin ga ba wanda ya taɓa jin na ɗaga murya, ko ranar da kakanku ya cika. Ba yau za ni fara ba, ba kuma da tuntuɓe ba. In za ta fita, Malama ta karanta mani, ni in zamna in ce amin. Ba komi." Tana faɗar haka tana shafa jakar karatunta. "To ke da za ki zamna kai, gaya mani. Tana fita ko ba ta fita?"

In na faɗi abin da na ji a zaure, shekara bakwai ɗin nan a bakin wata za su ƙare. In na yi mata ƙarya, za ta karanta, kafin yamma wata daga tsallaken titi ta shigo ta ce mata sun ji ta tun daga gida, kuma Inna ba za ta sake tambayata komai ba har ta koma ga Allah. Ina kallon ƙafarta, inda lalle ya shiga faso ya yi layi-layi, maɓallin nan mai ƙura ya faɗo mini a rai.

"Ba za ta fita ba, Inna."

"Ba ƙafata ta tambaye ki ba. Dube ni."

Na ɗaga kai na sake faɗa.

"To. Ki sa abin nan mai riƙe magana. Ina son in ji kaina ko sau guda, in ji mi Malama ka haƙuri da shi shekara bakwai."

Za ku ce me ya hana in gaya wa Baba. Na fita sau biyu da niyyar haka. Na farko na same shi yana ɗaure ƙahon a reshen dogon yaro, Baffa yana ƙasa yana nuna masa inda zai karkata bakinsa. Na biyu na same shi shi kaɗai yana zuba mai a janareta, na tsaya a bayansa har ya gama, na koma. Na san in na faɗa, zai ɗauke miksa ya fitar waje, domin ya riga ya ce wa yayansa to. Daga nan kuma ba abin da ya rage a hannuna.

Saboda haka na koma na yi aikina. Hannun Inna yana rawa, kuma na san hijabinta zai haɗiye makirufo, don haka na roƙi Gwaggo turmi da taɓarya. Na tsayar da taɓaryar a ciki, na cusa tsumma ta tsaya ƙyam, na ɗaure makirufon da ɗankwalina daidai bakin mai zaune a tabarma, tazarar yatsa huɗu. Matan Fakku suna ta dariya, wata tana tambaya ko daka za a yi wa karatun. Lasifikar ciki na ja ta gaba da turmin, bakinta yana kallon jama'a, don kada ta ji kanta ta yi kuka. Makirufon Baffa yana waje, wayarsa ta tsallako katanga ta shiga layi na ɗaya. Na Malama, wadda ta koyar da Inna, yana layi na biyu. Na Inna na uku. A layinta na kashe eko gaba ɗaya, na rage kauri, na ƙara kaifi kaɗan don haruffa su fito. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya da ɗigon jan farce. Na sa filashi, abin riƙe maganar da Inna ta ce, a raminsa, na danna ɗauka.

Da hantsi gida ya cika har bakin madafa. Malama ta buɗe taro, aka zo da Inna aka zaunar da ita gaban turmin, ta buɗe karatunta, ta gyara tabarau. Sai muryar Baffa ta cika ciki da waje, domin layinsa ko'ina yake zuwa.

"Jama'a, a yi shiru. Yanzu za ku ji mahaifiyarmu da bakinta."

Inna ta ji. Na ga hannunta ya sauka a kan shafin, ya fara rufe shi. Ta ɗago kai ta neme ni a cikin matan nan har ta same ni a kusurwa. Duk rayuwata in aka dube ni sunkuyawa nake yi. Ranar ban sunkuya ba. Ina kallonta na kai hannu ƙasan layi na uku, na murɗa maɓallin zuwa dama har ya tsaya. Ya yi tauri, sai da na sa ƙarfi. Ba ta san mene ne na taɓa ba, ba ta da abin dogaro sai fuskata. Ta dube ni kamar tsawon numfashi uku, ta ɗauke hannunta daga shafin, ta fara.

Muryar ƙarama ce, kun san ta, amma ta fito fes, ba yagewa, ba amsa kuwwa. Fitila tana wasa a kore, wani lokaci ta leƙa rawaya ta dawo. In ta sunkuya ga shafi in ɗan ƙara mata, in ta ɗago in rage. Masu tuƙa tuwo a madafa suka tsayar da muciya. Ana haka Mama ta ratso mata ta durƙusa kusa da ni.

"Babanku ya ce waje ba a ji komi. Mi ya faru?"

Idona yana kan fitila. Ta dubi hannuna a kan miksa, ta dubi Inna.

"Uwani, mi zan ce mashi?"

"Ki bari ta gama, Mama."

Mama ta gyara zama a tabarmar, ba ta koma ba. Inna ta kai wurin farko, harshe ya sarƙe, Malama ta gyara mata a hankali, ta maimaita ta wuce. Ta kai na biyu, haka. Ba wadda ta motsa. Da ta kai ƙarshe ta shafa, wata tsohuwa 'yar ajinsu ta rushe da kuka, gidan ya ɗauka da kabbara. Ba na jin zan sake yin wani aiki da zan yi alfahari da shi kamar na wannan hantsin: matan da suka cika gidan nan sun ji kowane harafi na Inna, kuma ko ɗaya bai tsallake katanga ba.

Abin da ya faru a waje kuwa, shi ne wanda kuka sani. Baba ya duba janareta, ya bi waya taku-taku, ya cire ya mayar, a ƙarshe ya tattare babbar riga ya hau dogon yaro ya kara kunne a bakin ƙahon. Abin da ban yi tunani ba shi ne layin Malama yana nan a tsakiya. Tana ɗaukar makirufonta don addu'a, ƙahon ya farka a cikin kunnen Baba. Allah ne ya sa ya riƙe reshe. Mazan da ke zaune suka yi ta dariya, wani ya ce kayan Tambuwal azumin magana suka yi, yanzu suka sha ruwa. Da aka watse Baba ya sa aka kira ni zaure, Baffa yana tsaye yana huci.

"Uwata, mi kinka taɓa?"

Na kalli ƙasa.

"Ka ɗauko ɗiya ƙarama ka ɗora bisa kayan aiki," in ji Baffa, "ka kunyata ni gaban malamai."

"Ruɗewa ta yi, Yaya. Laifina na."

Abin bai tsaya nan ba. Wani mutumin Fakku da ya yi magana da Baba kan bikin ɗansa ya aiko ya ce a bari. Baba ya sa kwaɗo a ɗakin kaya, ya koma zama a ƙofar gidajen mutane yana jefa waya ta katanga. Bai yi mini faɗa ba, bai daina cewa Uwata ba, amma ko riƙon ƙofa bai sake kirana ba. Kusan wata biyu. In na dawo makaranta na ji mai talla yana ihu a ɗakin, ja tana kamawa, sai in wuce da sauri. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ya yarda ni mai ruɗewa ce. Ban gyara masa ba. Wani ɓangare don kada maganar ta kai ga Baffa ta zama Inna ta haɗa baki da jika a kan ɗanta na fari. Wani ɓangaren kuma tsoro ne kawai, ba zan ɓoye muku ba.

Inna ce ta buɗe kwaɗon ba tare da ta sani ba. Ta aiko Gwaggo Hajo da ƙullin daddawa da tambaya: ina maganarta da takwara ta riƙe mata? Filashin yana nan a jikin miksa tun ranar. Wata Juma'a bayan la'asar ina wanke-wanke na ji Baba ya kira ni daga ɗakin kaya. Na same shi a kan kujerarsa da abin sauraro a kunne biyu. Ya zare shi ya ajiye a cinya.

"Yaya ya yi magana, na ji shi kunne biyu. Malama ta yi, kunne biyu. Inna ta fara, kunnen dama kaɗai, tun daga farko har ta shafa. Malama ta dawo, kunne biyu." Ya dube ni. "Waya in ta tsinke ba ta zaɓen murya. Wanga ba ruɗewa ba na."

"A'a, Baba."

"Ita ta sa ki?"

"Tambayata ta yi ko za ta fita. Ta ce in za ta fita ba ta karantawa."

"Da kin gaya mani."

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Da ka yarda, Baba?"

Ya juya abin sauraron a cinyarsa.

"Da na fitar da miksa waje," ya ce. "Yayana na." Ya shafa kunnen da ƙahon ya yi wa ihu. "Kebbe ba sai sun ji ba. Su yi ta dariyar hawan icce, ba ta rage ni da komi."

Sannan ya tashi daga kujerar, wadda ban taɓa ganin wani ya zauna a kanta ba sai shi.

"Zamna. Maido mani da ita kunne biyu. Ban son jin uwata da kunne guda."

Na zauna. Na juya karatun a wayarsa ta hannu, na ja bakin dama kaɗai na shigar a layi na ɗaya, na tsayar da maɓallin a tsakiya, na miƙa masa abin sauraron. Yana tsaye a bayana, ni ina kallon fitila. Da aka kusa wurin farko na ce masa ana iya yanke tuntuɓen kafin a kai mata.

"Wa ya ce ki yanke? Bar shi."

Na bar shi. Can na ji wani abu ƙasa-ƙasa a saman kaina, na zaci waya ce take shan iska, har na kai hannu zan duba. Baba ne yake bin karatun da leɓe. Da Inna ta kai wuri na biyu ta tsaya tana neman numfashi, shi ma ya tsaya, ya jira ta.